Ƙulli Biyu

Ina bakin murhu ina juya kifi a kan banda, sai ga Asiya maƙwabciyata ta faɗo gidan babu sallama, ɗankwali a hannu.

"Laure! Kina nan zamne? An tare mota hanyar Birnin Kabi, an halbe direba!"

Na ce, "Innalillahi. Allah shi jiƙan shi. Zamna ki sha ruwa."

"Wane ruwa? Jirgin maigidanki 'yan fashin sunka shiga. Mutane sun gane shi sarai, shi ka tuƙi!"

Ban san lokacin da kifin ya ƙone ba.

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani na ji a kotu daga bakin waɗanda suka aikata. A shekarar da ta biyo bayan ba mu jiha aka yi shi, ƙarshen damina, gulbi ya cika ya haɗiye fadama.

Maigidana Malami masunci ne a Argungu. Yana da wani hali da 'yan'uwansa suke yi masa dariya a kai. In ruwa ya cika, shi ba ya tsayawa inda kowa yake jefa taru. Sai ya kutsa cikin ciyawar burugu da ta fi mutum tsawo, yana neman tsibirai da lungunan ruwa waɗanda ba a isa sai da jirgi. Ya dawo yana ba ni labari kamar yaro: wai ya samu lungu inda ruwa ya kwanta shiru, bado ya rufe shi, tsuntsaye ba su ma san tsoron mutum ba. A gidansu, duk wanda zai shiga irin wannan wuri yakan riƙa ƙulle kan ciyawa yana tafiya, don ya gane hanyar fita.

Ikrima kuwa ƙanena ne, ciki ɗaya. Ni na goye shi bayan rasuwar innarmu. Yana kabu-kabu da babur a Nasarawa, cikin Birnin Kebbi. Damina na tsaka ya fara zuwa mana, da burodi da ɗan sukari.

"Yaya Malami, ka kwana! Jiha ta samu, manya na ta zuwa da iyalansu. Mutanen ga kuɗi su ka biya don su ga ruwa. Ka nuna min lungunan nan naka, ni in kawo baƙi, kai ka tuƙa."

Malami ya yi dariya. "Kai ɗan birni, da ko kwata ba ka iya ƙetarewa sai ka naɗe wando?"

"To ai shi ya sa Allah ya ba ni mijin yaya kwaɗo."

Haka suke wasa kullum. Malami ya ɗauke shi a jirgi ya zagaya da shi, lungu bayan lungu, har wani tsibiri mai ƙatuwar giyayya da Malami bai taɓa nuna wa kowa ba. Ikrima ya dawo yana ta tambaya a kan ƙullin ciyawa. Ni kuma ina zuba masa tuwo ina jin daɗi, ƙanena ya kama hanyar arziki.

Ashe can Nasarawa, a bayan wata rumfar faci, wata magana ake yi. Su uku ne. Yari shi ne oga, tsohon yaron mota mai tabo a wuya. Sai Nu'uman, wanda daga baya ya faɗi komai a kotu. Sai ƙanena.

Yari ya ce, "Hanya guda ce. Ko munka yi harka, ina za mu bi? Gaba shinge, baya shinge."

Ikrima ya ce, "Oga, wa ya ce hanya za mu bi? Ɗan sanda na da mota, ba shi da jirgi. Na san wurin da ko aljani sai ya yi tambaya. Mu kwanta can har ƙura ta lafa."

"Wa ka tuƙi?"

"Mijin yayata."

"Ya san harka?"

"Baƙi ya sani. In ya ga ƙarfe zai gane sauran."

Nu'uman ya ce, "In kuma ya yi baki daga baya fa?"

"Ku bar min wanga. Na gida na ne."

Ana gobe kasuwa Malami ya gangara da jirgi. Ya wanke shi tas, ya shimfiɗa sabuwar tabarma saboda baƙi. Ikrima ya ce ya jira su da hantsi a inda hanya ta matso bakin fadama, kafin a kai Zauro.

Motar da za su tare ta taso daga Birnin Kebbi cike da masu sayen kifi da shinkafa. A gaba akwai Madam Bimbo, Bayarabiya mai sayen banda, wadda ni kaina na sha sayar mata. Suna shan kwana, sai ga gungumen itace a tsakiyar titi.

Direba ya taka birki, ƙiii!

"Kowa ƙasa! Ƙasa, na ce!"

Mutum uku, fuska a naɗe. Direba ya sa giyar baya, zai gudu. Tau! Gilashi ya tarwatse, ya kifa a kan sitiyari.

"Wayyo Allah! Don Annabi, ɗana, ɗauki jaka, bar ni da rai!"

"Kwance ɗamarar, Madam! Mun san inda ki ka ɓoyo!"

Suka tattara komai a buhu guda. Wata mota ta ɓullo daga nesa tana hon. Yari ya daka tsawa, suka zube gangare da gudu, suna faɗuwa suna tashi cikin laka.

Malami yana tsaye a jirgi da gwangwalarsa ta tuƙi. Ya ji harbin, ya ga masu gudu, har ya fara turawa zai bar gaɓa. Sai ɗaya ya yaye rawani.

"Yaya Malami, tsaya! Ni na!"

"Ikrima? Ina baƙin?"

Yari ya faɗa cikin jirgin ya ɗora masa bindiga a ciki. "Ga mu. Tuƙa!"

Manoma da ke kan tudu suka gan su, suka gane jirgin. Kafin azahar labari ya cika Argungu.

Bayan zuwan Asiya da kaɗan motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar gidanmu. Wani Saje Dayo ya shigo, suka birkice ɗaki, suka zazzage har tukunyar daddawa.

"Ina mijinki yake ɓoye kaya?"

"Maigidana ba ɓarawo ba ne."

"Kowace mata haka take cewa. Wa ya riƙe masa hannu ya tuƙa?"

Mutane sun cika ƙofar gida. Matan da muke daka tare suna leƙe ta katanga, babu wadda ta shigo. Sai Baba Riskuwa, ƙanen mahaifin Malami, ya ratso su da sandarsa.

"Saje, bar yarinyar ga. Kai ni inda anka ga jirgin. In ɗanmu ɓarawo na, ni da hannuna zan ɗamre maka shi."

Suka tafi da shi. A bakin fadama suka ari jirage biyu wurin masuntan wurin. Saje ya dubi burugu, ko'ina iri ɗaya, babu ƙofa babu alama.

"Baba, nan ko soja dubu ba za su samu mutum ba."

Baba Riskuwa ya sa aka tura jirgi. Yana bin gefen ciyawa a hankali, sai ya miƙa hannu ya kamo wani kai. Ya daɗe yana dubansa.

"Ƙullin gidanmu na. Amma duba, biyu ya yi, ɗaya bisa ɗaya."

"To sai me?"

"Ɗaya, hanya ce. Biyu ba mu yin shi sai mutum na cikin halaka, yana kiran 'yan'uwa. Saje, yaron ga ba da son ranshi ya tahi ba. Ku tuƙa! Ku tuƙa, don Allah!"

Ga yadda aka yi. Da suka shiga ciyawa, Ikrima da kansa ya ce, "Oga, bar shi shi ƙulla, in ba haka ba ba mu fita." Malami ya riƙa tsayawa yana ƙullawa, bindiga na bayansa. Babu wanda ya lura da abin da yatsunsa suke yi.

Suka isa tsibirin giyayya. Ruwa shiru, bado a buɗe. Yari ya miƙe a inuwa yana dariya.

"Kai, wurin ga ko gidan gwamna! Nu'uman, kawo gari mu jiƙa."

Malami ya yi alwala ya yi azahar. Da ya sallame ya juyo.

"Ikrima, mi Laure ta yi maka?"

Ƙanena bai ɗago ba.

"Ka ci tuwonta shekaranjiya. Ka ce in wanke jirgi."

Yari ya ce, "Ka ji ko? Wanga bakinshi ba ya rufuwa. A yi ta ta ƙare." Ya ɗaga bindiga.

Ikrima ya tare. "Haba oga, na ce na gida na ne. Ba nan ba, kada jini shi ɓata muna wurin kwana. Ba ni ƙarfen."

Ya tasa Malami gaba suka zagaya bayan ciyawa, inda aka ɗaure jirgi. Nu'uman ya bi su a ɓoye, wai yana son ya ga ko Ikrima zai iya. Ya ce ya ji Ikrima yana magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, kwance igiya. Mu gudu mu bar su. Yi sauri!"

Nu'uman ya ce Malami har ya yi murmushi. Ya ce, "Na san ba ka lalace duka ba." Ya duƙa yana kwance igiyar.

Tau!

A baya ya harbe shi.

Ya tura jirgin ya faɗa ciki. Buhun yana nan ƙarƙashin tabarma, tun isowarsu ya tura shi can.

Nu'uman ya ƙwala ihu. "Oga! Ya tahi da kaya! Ya tahi da jirgi!"

Yari ya rugo ya faɗa ruwa har wuya, bai iya iyo ba, ya dawo yana tari. "Ikrima! Ɗan burar uba, dawo! Wallahi ko kabari ka shiga sai na tone ka!"

Bindiga guda ce, tana hannun Ikrima. Ya bar su a tsibiri, ruwa ta ko'ina.

Dama ya ajiye babur a wani ƙauye a ƙetare, ya yi lissafin zai bi ƙulli ya fita. Tuƙi bai iya ba, jirgi na ta juyawa da shi, amma yana bin ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Ta wannan hanyar kuwa Baba Riskuwa yake shigowa. A wani matsatsin wuri hancin jirgi ya daki hancin jirgi.

"Tsaya! Ajiye bindiga!"

Ikrima ya ɗaga zai harba, jirgin ya karkata da shi, ya tuntsura cikin ruwa. Wani masunci ya kamo shi ta wuyan riga kamar tarwaɗa.

Baba Riskuwa ya ce, "Ina mai jirgin?"

"Baba, sun tilasta ni... Yari na..."

"Ina mai jirgin, na ce!"

Sun same shi kife a bakin ruwa, igiya a hannunsa. Jikinsa da sauran ɗumi.

Da almuru aka kawo min shi a cikin sabuwar tabarmar nan.

Yari da Nu'uman ba su yi gardama ba, da kansu suka miƙa hannu. A kotu Nu'uman ya faɗi duk abin da na faɗa muku. Madam Bimbo ta ba da shaida, da ta fito ta rungume ni tana kuka. Ta bar zuwa Argungu daga ranar. Direban motar ya mutu ya bar matarsa da 'ya'ya ƙanana, ban taɓa sanin sunansa ba. 'Yan fashin su ukun aka yanke musu hukuncin kisa.

Kafin a zartar, Ikrima ya aiko wai yana son ganina. Na je gidan yari. Ya rame, idanu sun faɗa.

"Yaya, ki yafe min. Shaiɗan na."

Na ce, "Abu guda zan tambaye ka. Ranar da ka zo da burodi kana kiran shi kwaɗo, ka riga ka san za ka kashe shi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ikrima, dube ni."

Bai duba ba. Na tashi na fito. Dangi sun yi ta cewa jini ba ya ɓaci, in daure in furta na yafe. Har aka harbe shi ban furta ba, kuma ban je karɓar gawa ba. Allah ya sani, na yi masa kuka. Amma kalmar nan ta ƙi fita.

Mutanen ruwa sun san gaskiya. Baba Riskuwa ya yanko kan ciyawar ya zagaya da shi gida gida yana nunawa. Amma cikin gari har yau akwai masu cewa, ai da saninsa, rabo ne ya haɗa su faɗa. 'Yata ta taɓa dawowa daga rijiya tana kuka, an kira ta ɗiyar direban 'yan fashi. Ba kowa za ka bi da ciyawa a hannu kana yi wa bayani ba.

Da aka gama shari'a suka maido mana jirgin. Babu wanda ya taya, babu mai yarda ya hau. Yana nan ɗaure a mashigin bayan gidanmu, katakon ya fara tsagewa, ruwa na shiga ta ƙasa. In an bar shi kwana biyu zai nutse.

Kowace safiya, in na idar da salla, nakan ɗauki ƙwarya in gangara in kwashe ruwan.