Fankar Kwamfutar Yazid

Ranar da Mahbuba ta shiga shagon Almustapha a Wurno, kwamfuta ce rungume a ƙirjinta, naɗe da zane. Shi kallo ɗaya ya yi mata ya manta abin da yake kwancewa. Ita kuwa ba ta ga kowa ba. Wata biyar ke nan da rasuwar yayanta Yazid a haɗarin mota, ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariya ba. Abinci ma ci kawai take yi.

"Mi ya same ta?" ya tambaya.

"Ba a aikin komi da ita, amma fanka na ta ihu. Ta yayana ce, marigayi."

Ya kunna ya duba. Babu abin da aka buɗe, amma furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, na aiki kashi casa'in cikin ɗari, ta yi zafi kamar kaskon suya.

"Yayanki ya ƙara mata gudu fiye da yadda masu ita sunka tsara. In na mai da ita daidai, sai ta yi shiru."

Sai da ya ce shiru ta gane ba shirun take so ba.

"Bar ta. Ƙarar ita kaɗai ta rage cikin ɗakinshi."

Ta naɗe kayanta ta koma Goronyo. Lambar wayarta kawai ta bari.

Kullum da safe sai saƙonsa: "Ya majinyaciyarmu?" Kullum amsa ɗaya: "Tana nan." Da abin ya ishe shi, ya laƙaba mata sunan.

"Tana-nan, ni fa ba kwamfutar nika tambaya ba. Ke nika so."

Kwana biyu kafin ta rubuta: "Ban jin komi yanzu. Amma kar ka daina."

Bai daina ba, har ya turo magabatansa. Malam Mainasara, mahaifinta, manomin albasa ne mai kafiya. Ya ce baƙon da ya so kashe ƙarar ɗakin ɗansa ba zai ba shi 'ya ba. Ga Mode, ɗan ƙanensa, wanda ya daɗe yana neman auren Mahbuba. Mode kuwa, gwanin sani, ya rantse bairos ce, cutar kwamfuta, sai an goge komai ranar Juma'a, ko na'urar ta ƙone. Malam ya yarda, tunda ɗan gida ne ya faɗa.

Ranar Alhamis Mahbuba ta rubuta: "Mode za ya goge Yazid gobe. Ka zo."

Da hantsi ya iso, ya durƙusa a zaure.

"Baba, ba ni goge komi. Awa guda nika roƙo."

Malam bai ce e ba, amma bai kore shi ba.

Almustapha ya bi ayyukan da ke gudana a ɓoye ɗaya bayan ɗaya, har ya gano wanda ke cin ƙarfin.

"Wani bidiyo Yazid ya sa ta haɗawa. Duk ta kusa ƙarewa, gudun ya sa ta kuskure, ta sake daga farko. Tun ranar da ya rasu take fama."

Ya dubi Mahbuba. Ta ɗaga kai alamar yarda.

Ya rage gudun. Fanka ta lafa, ɗakin ya yi tsit. Ba a jima ba aikin ya kammala, sai ga Yazid a fuskar kwamfutar, tsaye cikin fadamar albasa yana dariya.

"Mahbuba, wanga na ranar bikinki na. Ban san wa za ya kwashe ki ba, amma Allah shi ba shi haƙuri, don ke akwai taurin kai irin na Baba."

Dariya ta ƙwace mata, kuka ya biyo baya. Ta yi shi har muryarta ta dushe, Malam na share hawayensa da bakin rawani. Can ya dubi Almustapha.

"Ka ce ma magabatanka su dawo."

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure. Malam da kansa ya yi addu'a, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya jiƙan Yazid.

Ana cikin hayaniyar biki wayarta ta yi ƙara: "Tana-nan, ya gajiya?"

Ta share ido ta rubuta: "Angona, na dawo."