Farfarar Hajiya Ramatu

"Ba zan ɗebo ba, ranka ya daɗe."

Ibtisam ta faɗi haka ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Manajan kamfanin iri ya cire tabarau ya dube ta. Umarninsa shi ne ta je unguwarsu Kwarbai ta kwaso irin da mata ke ajiyewa a ɗakin kakarta, kamfani ya raɗa masa sabon suna, ya zuba a leda ya sayar.

"Irin nan na jama'a ne," in ji ta. "Mai so a ɗibar masa, bayan girbi ya mayar. Ba a sayar da shi."

"To ajiye katin aikinki."

Ta ajiye. Juyawar da za ta yi ta ga wani dogon saurayi a bakin ƙofa da fayil a hannu, baki buɗe. Idonsu na haɗuwa fayil ya suɓuce, takardu suka watse. Ta tsallake su ta fice. Sai da keke ya kawo ta Ƙofar Doka ta lura murmushi take yi, alhali yanzu aka kore ta.

A gida kuwa babu murmushi. Mahaifinta Malam Nafi'u, wanda ya sha zirga-zirga kafin ta samu aikin, ya daina amsa gaisuwarta. Ita kuma kullum sai ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta wuce ɗakin kakarta Hajiya Ramatu, inda tukwanen ƙasa suke jere, an liƙe bakinsu da laka: wake cikin toka, gero, kuɓewa, da farar dawar nan da ake kira farfara.

Ana gab da saukar damina saurayin nan mai fayil ya yi sallama. Sunansa Suhaib.

"Aron iri na zo."

"Kamfani ya aiko ka?" in ji Ibtisam.

"Ni na aiko kaina."

Hajiya Ramatu ta leƙo. "Angona, kana da gona?"

"Akwai fili bayan gidanmu a Tudun Jukun, Hajiya."

"Ka taɓa riƙe fartanya?"

"Na dai taɓa ganinta."

Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye, ta ɗebo farfara cike da tafi ta zuba masa a hula.

Daga nan saƙonni suka fara.

"Malama, sun fito! Kore shar. Har gaishe su nake yi da safe."

"Turo hoto in gani."

Ta duba ta amsa: "Rabin waɗanda kake gaisarwa ciyawa ce, Manomina."

"Kin ce Manomina? Bari in je in gaya wa ciyawar."

Sai ga saƙon Khairat, tsohuwar abokiyar aikinta, wadda ta daɗe da sa wa Suhaib ido: "Kin san manaja kawunsa ne? Abin da kika hana da baki an karɓe da murmushi."

Ibtisam ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da hannun kakarta aka ba shi! Ta daina ɗaga wayarsa. Saƙo ɗaya kawai ta karanta:

"Gaskiya ne kawuna ne. Ya nemi irin na hana shi, ni ma na bar aikin. Ba zan roƙe ki ki yarda ba, Sarauniyar Tukwane. Ki jira girbi."

Ba ta amsa ba, ba ta kuma goge ba. Daminar ta yi mata tsawo. A bikin unguwa ana ce mata mai digirin tukunya, ita kuwa sai ta gyara mayafi ta ce, "Ni ce. Iri kuke so?"

Da dawa ta nuna, keke ya tsaya ƙofar gida da dami a samansa. Suhaib ya fito ya yi baƙi ya rame, tafin hannunsa duk ya yi kanta.

"Ta fi katangarmu tsawo," in ji shi. "Maƙwabta sun kai ƙarata wurin mai unguwa saboda tsuntsaye."

Hajiya ta murza zangarniya, ta tauna ƙwaya ɗaya. "Tamu ce. Ba a surka ta da komai ba."

Ibtisam ta dubi hannunsa, muryarta ta yi laushi. "Ka yi haƙuri, Manomina."

"Ki sake faɗa, na yafe."

Da manyansa suka zo, Malam Nafi'u ya murtuke. "Marasa aiki biyu a ɗaki ɗaya? Me za su ci?"

"Nafi'u," in ji Hajiya daga bayan labule, "tuwon da ya raine ka na farfarar nan ne. A bakin zanena aka ƙulle ta ranar da aka kawo ni gidan nan. Ka taɓa kwana da yunwa?"

Malam Nafi'u ya ce, "Su ƙara damina guda in gani."

Suka ƙara. Suka ari gona a bayan ganuwa, matan unguwanni suka riƙa kawo nasu irin, har tukwane suka cika ɗakin suka fito tsakar gida. Ranar da Malam Nafi'u ya aiko a ɗibar masa wake don gonar abokinsa, kowa ya san an gama.

Aka ɗaura aure bayan girbi. Hajiya ta ƙulla farfara a bakin mayafin amarya. Mahaifinta ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Ibtisam, Allah ya ba ku zuri'a ta gari." Ta fashe da kuka, don rabon da ya kira sunanta tun ranar da ta ajiye katin nan.

Mai lalle ta yi ta mitar hannun amarya ya yi kaushi. Ibtisam ba ta ɓoye shi ba. Albashi ya tafi bai dawo ba, ƙawaye da yawa sun bi shi, Suhaib da kawunsa har yau sai gaisuwar nesa, ita kuma ta yi damina biyu tana gaida uban da ba ya amsawa. Wannan ne abin da tsayuwarta ta ci mata. Ta damƙe ƙullin irin, ta shiga motar amarya.