Kujera Ɗaya a Motar Penang

"Kuskure kuka yi," in ji Hasnita, ta ajiye tikitin a kan teburin da ƙarfi. "An turo mana wannan ta ƙarƙashin ƙofa. Ba mu yanki yawon Penang ba, gobe a cikin jirgi za mu wuni."

Marivic, 'yar Filifin ɗin da ke kula da teburin yawon sauka gari, ta duba tikitin ta duba kwamfutarta, sannan ta yi irin murmushin nan na ma'aikatan jirgin ruwan shaƙatawa wanda ko gobara ba ta goge shi.

"Babu kuskure, ranki ya daɗe. Haji Baharom, hawan dutsen Bukit Bendera, kujera ɗaya."

"Ɗaya?"

"Ɗaya. Shi da kansa ya zo."

"To ƙara min ɗaya."

"Ai mota ta cika." Marivic ta rage murya. "Gaskiya tun da jirgi ya tashi daga Singafo yake zuwa yana tambayata kujera nawa suka rage. Sai ɗazu da na ce masa saura ɗaya, ya ce maza in yankar masa."

Tirƙashi! Hasnita ta juya, sai ga mai laifin, mahaifinta, a bayanta, ya dogara da sandarsa yana kallon hoton tsibiran da ke bango kamar bai taɓa ganin ruwa ba.

"Abah!"

"Na'am, Nita. Kin ga wurin nan da kyau..."

"Abah, dutse fa! Kai da ƙafar nan? Kai kaɗai?"

"Ba da ƙafa ake hawa ba, ƙaramin jirgin ƙasa ne yake jan mutane har sama. Na tambaya. Kuma ba ni kaɗai ba ne, mota guda ce ta tsofaffi irina. Ko ba haka ba, 'yata?"

"Haka ne, Haji," in ji Marivic. "Yawon mai sauƙi ne, kuma ɗan jagora ya san da lalurarsa."

"Ki soke shi," Hasnita ta ce.

"Ba za a soke ba," in ji Abah, ko ɗaga murya bai yi ba. "Da sunana aka yanka."

Wanda ya san gidan Haji Baharom a Johor ya san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kan uban shi ne na 'yar, sai dai ita ta haɗa nata da iya tsari. Tun da mahaifiyarta ta rasu, shanyewar ɓarin jiki kuma ta biyo baya ta kayar da Abah, Hasnita ta ɗauki ragamar gidan ba ta sake ba. Ita ke auna gishirin miyarsa, ita ke ɗaura masa takalmi, ita ke cewa yau za a je masallaci ko a gida za a yi. Ya warke har yana tafiya da sanda, amma ita a idonta yana nan kwance a gadon asibiti.

Tafiyar nan ma ita ta tsara ta, kuma ta tsara ta da kyau, wannan ba a ƙwace mata ba. A Langkawi ta zaɓar musu yawon da mota ke kai mutum har bakin wurin cin abinci. A Phuket ta zaɓi wanda babu matakala, babu shiga kwale-kwale. Penang kaɗai ta tsallake, ta ce garin zafi ne da cunkoso.

Ƙarya take. A Penang Fakhrul yake.

Fakhrul malamin makaranta ne a George Town, babban birnin Penang, kuma shi ne mutumin da Hasnita ta so, take so, ba ta kuma da niyyar daina so. Har manyansa sun fara shirin zuwa Johor neman aure ciwon Abah ya faɗo. Shi ba zai bar tsohuwarsa da aikinsa ba, ita ba za ta bar Abah ba. Ya ce zai jira, ta ce kada ya jira. Ta yanke hukuncin ita kaɗai, ta sha kukanta a banɗaki, ta fito ta dafa wa Abah fate. Ko shawara ba ta yi da tsohon ba, wai don kada hawan jininsa ya tashi.

A ɗakinsu na jirgi ta sake tayar da maganar, tana ninke kayan da ta riga ta ninke.

"In ka faɗi fa?"

"Sai in tashi."

"In motar ta makara, jirgi ya tafi?"

"Yawon da jirgi ya sayar, jirgi yana jiransa. Wannan ma na tambaya. Ke kika ɗauka ke kaɗai kika iya tambaya?"

"To ni me zan yi wuni guda?"

Abah ya kalle ta ta saman gilashinsa.

"Au, ba ki da kowa a Penang?"

Ta kau da kai, ta ci gaba da ninke kayan.

"Mak Long ta gaya min komai," ya ce. Mak Long yayarsa ce, gidanta yana jikin nasu, kuma magana ba ta kwana a cikinta. "Kin kori yaron kirki saboda ni, ba ki ko tambaye ni ba. Nita, ni mara lafiya ne, ba gawa ba."

"Abah, kada ka ce haka..."

"To kada ki mai da ni haka."

Washegari jirgi ya tsaya a Penang. Aka tara masu sauka a babban zaure, ana manna wa kowa lambar motarsa a ƙirji. Abah ya karɓi tasa ya manna da hannunsa mai lafiya, a karkace, ya hana ta gyara. Ta cusa masa magani a aljihu, ya fito da shi ya nuna mata ya riga ya sa wani. Ta bi shi har bakin mota tana yi wa ɗan jagora bayani, mutumin yana gyaɗa kai, Abah yana cewa, "Rabu da ita, haka take tun tana goye."

Motar ta tashi. Ko waiwaye tsohon nan bai yi ba.

Ta ce wa kanta za ta koma jirgi ta zauna. Ta kai bakin matakala, zuciyarta ta ƙi. Gani take ƙafar nan ta hagu ta zame, gani take mutane sun taru a kansa. Ta fito da waya. Lambar Fakhrul da ta goge tuntuni, yatsunta ba su goge ta ba.

Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Nita."

Muryar Fakhrul ce, wanda take kira Abang, wato Yaya.

"Abang... ina Penang. Abah ya tafi Bukit Bendera shi kaɗai, ina so..."

"Ɗago kanki. Ga ni a tsallaken titi."

Ta ɗago. Ga shi kuwa jingine da 'yar farar motarsa, ya rame kaɗan, rigar nan mai ruwan ƙasa da ta sha ce masa ta tsufa tana jikinsa.

"Wa ya gaya maka?" ta tambaya da ta ƙaraso.

"Haji. Ya kira ni ya ce in zo in ɗauki 'yarsa in kai ta ta ci abinci, wai ta fi shi buƙatar jinya."

"Ba abinci na zo ci ba. Ka bi min motar nan!"

"Na san haka za ki ce. Shiga."

Suka kutsa cikin cunkoson gari. Ta kafe idonta a kan titi don kada ya faɗa kan fuskarsa.

"Kin rame," ya ce.

"Kai ma."

"Ni da dalili. An ce kada in jira, na ƙi ji."

"Abang, don Allah..."

"Ba roƙonki zan yi ba, Nita tawa. Na gama roƙo. Gaya miki kawai nake, ko za ki ce kada in jira sau dubu, wurinki yana nan. Mak, tsohuwata, har yanzu in ta yi miyar kifi sai ta ce wannan irin ta Nita ce."

Hawaye suka cika mata ido, ta haɗiye su da ƙarfi.

"Ina sonka, ka sani. Wallahi ban taɓa dainawa ba. Amma ba shi da kowa sai ni."

"Shi ya ce miki haka, ko ke kika ce?"

Ta ƙara kafe idonta a kan titi.

A gindin dutsen suka tarar da layi kamar na ranar salla, masu yawon jirgi kuwa tuni an shigar da su ta ƙofarsu. Sai da suka yi ta jira kafin suka samu hawa. Ƙaramin jirgin yana jan su sama, gari yana ƙanƙancewa a ƙasa, ita ko kallo ɗaya ba ta yi masa ba.

Da suka fita ta hango shi. Yana hawa wasu 'yan matakalai zuwa wurin da ake tsayawa a kalli teku, wani tsoho Basine a gefensa. Kafin ta buɗe baki, abin da take tsoro ya faru: takalmin ƙafar hagu ya zame ya gangara mataki ɗaya, Abah ya yi taga-taga.

"Abah!" Bai ji ta ba. Ta zabura, Fakhrul ya riƙe igiyar jakarta.

"Tsaya."

"Sake ni!"

"Tsaya ki gani, Nita. Sau ɗaya kawai."

Abah ya kama ƙarfen gefe ya daidaita. Ya tsaya yana haki. Sannan ya miƙa sandarsa ya saƙalo takalmin, ya kuɓuce, ya sake saƙalowa, ya jawo shi har gabansa. Tsohon Basinen ya miƙo masa kafaɗa ya dafa, ya tura ƙafar a hankali har ta shiga. Ya faɗi wata magana, su biyun suka tuntsire da dariya, suka ci gaba da hawa.

Rabon da ta ji wannan dariyar tun mahaifiyarta tana da rai. Nan Hasnita ta rufe fuska da gefen mayafinta ta fashe da kuka, kuka na gaske, har da shessheƙa.

A rumfar masu ƙanƙara suka same shi, ya tasa kwanon ƙanƙara a gaba, an zuba mata jan wake da madara har tana zuba.

"Kai, Fakhrul," in ji Abah, "na ce ka kai ta cin abinci, ka kawo min ita ta yi gadina?"

Fakhrul ya sunkuya ya sumbaci hannunsa. "Haji, ka fi ni sanin 'yarka."

"Na sani, ni na haifi abata. Teoh, ga 'yar sandan da nake ba ka labari."

Tsohon Basinen ya yi dariya, ya ɗauki kwanonsa ya matsa gefe.

Hasnita ta durƙusa a gaban mahaifinta. Ta kalli kwanon mai zaƙi, ta buɗe baki, ta rufe.

"Na ga takalmin," ta ce a hankali.

"To? Na mutu?"

"A'a."

"Nita." Ya ajiye cokali, ya ɗora hannunsa mai rauni a kanta. "Babu 'yar da ta yi wa uba abin da kika yi min, Allah ya yi miki albarka. Amma kullum na kalle ki sai in ga ni na cinye miki rayuwa, kuma wannan ya fi ciwon ciwo. Ina da Mak Long, ina da 'yan masallaci, ina da wannan sandar. Ranar da na gaji da Johor zan zo Penang in cinye muku shinkafa. Ki bar ni in zama ubanki, in aurar da ke da raina."

"Abah, tsoro nake ji..."

"Ni ma ina ji. Ai da tsoron na hau."

Ta kifa kanta a gwiwarsa. Fakhrul ya juya yana kallon teku, yana goge ido da bayan hannu.

Can ɗan jagora ya ɗaga tutarsa yana kiran 'yan motarsa. Abah ya dafa tebur ya miƙe, da ƙyar, amma da kansa. Hannun Hasnita ya tafi zai kama gwiwar hannunsa, sai ta tsayar da shi a hanya, ta mai da shi ta riƙe jakarta.

"A sauka lafiya, Abah."

"Yauwa." Ya nuna Fakhrul da sanda. "Ka dawo min da ita a kan lokaci. Ni jirgi zai jira ni, ita ce ba zai jira ba."

Ya bi sahun tsofaffin yana jan ƙafa, Teoh a gefensa, har suka sha kwana. Hasnita ta tsaya a inda take. Ƙafafunta suna son bin sa, amma ba ta ɗaga ko ɗaya ba.

"Nita?" in ji Fakhrul.

Ta share fuskarta tas, ta gyara mayafi, ta juyo ta dube shi ido cikin ido.

"Kai ni in gaida Mak," ta ce. "Ni da bakina zan gaya mata su shirya, ana jiransu a Johor."