Saurayin da Ya Ƙi Hutar da Gwiwarsa

A can wani gari an yi wani saurayi mai son gudu. Kullum yakan zagaya gonaki, yana shirin tseren bayan girbi.

Wata rana gwiwarsa ta kumbura. Mai ɗori ya ce, "Ɗana, ka huta har kumburin ya sace."

Ya ce, "Baba, gobe zan huta."

Washegari ya fita gudu. Uwarsa ta roƙe shi, ya ce, "Inna, gobe zan huta."

Ranar tsere, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Mai ɗori ya taɓa gwiwar, ya girgiza kai, ya ce, "Wannan kam ta gama gudu."

Abokansa suka wuce a guje, ba wanda ya waiwaya. Uwarsa ta miƙo masa sanda, suka nufi gida a hankali, yana hawaye.