Buhunan Gallabat

Goggo na zaune ƙarƙashin rumfa tana soya gahawa, ƙamshi ya cika tsakar gida. Ummusalama tana gefenta tana wanke finjalai, amma finjali ɗaya ta wanke har sau uku ba ta sani ba, domin kunnenta na can zaure, inda mahaifinta Malam Lawali ke magana da Ɗanliti.

"Ke! Finjalin nan zai huje," in ji Goggo, ƙanwar mahaifinta da ta raine ta tun rasuwar uwarta. "In jin maganar kike so, matsa kusa da zana mana."

"Kai, Goggo! Ni wace magana?"

Ta faɗi haka ne tana matsawa kusa da zanar. Muryar Malam Lawali ba ta ɓuya, ko addu'a yake yi maƙwabta na cewa amin.

"Ɗanliti, ban nemi saniya ba, ban nemi zinari ba. Shekara shida kana yankan riɗi a mashru'i, manyan gonakin masu taraktoci, bana kuma ka noma naka. Ka kai shi kasuwar Gadarif, ka haɗo shela da guminka, a ɗaura aure bayan kaka. Kalas, magana ta ƙare!"

Shela dai ita ce kayan da ango ke kaiwa gidan amarya, abin da kakanninsu ke kira lefe. Ummusalama ta rufe fuska da gefen mayafi, Goggo kuwa ta saki guɗa har gahawar ta kusa ƙonewa.

Wanda bai taɓa tsayawa a filin Basunda, inda ƙauyensu yake, lokacin kaka ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Ƙasa ce baƙa, shimfiɗe, babu tudu babu kwari, sai dawa da riɗi har inda ido ya gaji ya dawo. Tarakta a nesa kamar ƙwaro take. A cikin wannan faɗin duka, gonar Ɗanliti 'yar mitsitsiya ce, amma Allah ya sa mata albarka. Ya yanke riɗinsa tun bai bushe ba, ya ɗaure dami-dami, ya jingina su tsaye suna kallon sama. Da suka bushe ya kifa su a kan tabarma ya kakkaɓe, fari tas ya yi ta zuba har tarin ya kai masa ƙugu. Saura buhu kawai.

A ranar ne Kassim, yayan Ummusalama, ya iso gonar da ƙunshi a bayan keke. Kassim mutum ne mai daɗin baki, ba sana'ar da bai taɓa ba. Ya kawo agoguna daga kasuwar Gallabat, suka tsaya kafin sati. Ya kawo takalma, suka ɓalle a damina ɗaya. Har sai da Malam Lawali ya rantse a gaban jama'a cewa ranar da Kassim ya sake cutar wani, ranar zai bar masa gida.

"Ya zol, mutumina, surukina!" in ji Kassim yana kwance ƙunshin. "Wa ke sayen buhun algarara yanzu? Dubi wannan, na roba ne, sabon shigowa daga Gallabat. Ba nauyi, ba tsada, ga koren zane kamar tob, mayafin amarya. Abin da ka rage ka ƙara wa ƙanwata turare."

Ɗanliti ya shafa buhu ɗaya. Da ya ɗaga hannu, sai ya ga wani farin gari a yatsunsa. Ya san abin da hakan ke nufi: buhunan sun daɗe a rana, rana ta cinye su. Ya buɗe baki, ya dubi fuskar Kassim, ya tuna wan matar da zai aura ne. A gidansu an koya masa ba a ja-in-ja da suruki, ba a duba masa kaya kamar na baƙo. Ya goge yatsunsa a riga.

"Tamam, ya yi, Yaya. Allah ya sa albarka."

Kunya abu ce mai kyau, amma wallahi ranar ta yi wa yaron nan mugun aiki.

Washegari Jatau direba ya zo da tarakta da tirela, aka loda buhu goma sha huɗu. Don a rage hanya, Jatau ya ratsa ta cikin gonar Malam Lawali ta nesa, wadda aka riga aka girbe. Ɗanliti na zaune gefensa, inji na ruri, tirela na tsalle a kan busasshiyar laka, su biyun suna hirar biki da ihu. Ba wanda ya waiwaya. Sai da suka hau babbar hanya Jatau ya juya, ya taka birki da ƙarfi.

"La ilaha illallahu! Ɗanliti, ina kayan?"

Buhunan sun yage tun daga ƙasa, riɗin ya bi ta tsakanin katakon tirela. Uku kaɗai suka tsira. Ɗanliti ya koma a guje. Da a ce ƙasar wani wuri ce, da ya share ya sheƙe. Amma ƙasar Gadarif da rani darewa take yi, tsaga mai zurfin da hannu ke shiga har kafaɗa, riɗi kuma ɗan ƙanƙane ne. Ya durƙusa ya zura hannu, ya fito da ƙwaya biyar manne da gumi. Nan ya zauna ya yi kuka kamar yaro.

Da yamma ya tsugunna a zauren Malam Lawali.

"Wa ya sayar maka da buhunan?"

"Laifina ne, Baba. Na taɓa, na gani, na saya."

"Ka gani? Ka gani ka saya?" Malam Lawali ya miƙe tsaye. "Mutumin da zai ga ruɓaɓɓen buhu ya zuba gumin shekararsa a ciki, shi zan damƙa wa 'yata? Tashi! Maganar aure ta tsaya."

Kassim na tsaye a bakin ƙofa, yana jin komai. Ya sunkuyar da kai ya wuce ɗakinsa.

Ummusalama ta yi kwana uku ba ta ci abin kirki ba. A na huɗu tana sharar ɗakin Kassim, tsintsiya ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado. Buhunan roba ne masu koren zane, irin waɗanda duk ƙauyen ke zance. Ta ja gefen ɗaya, ya yage a hannunta kamar takarda. Ta ɗauki tulu ta nufi tafki, inda ta san Ɗanliti na zuwa ɗiban ruwa.

"Yaya Kassim ne, ko?" ta tambaye shi ko gaisuwa babu.

Ya sunkuya ya ci gaba da ɗiban ruwansa.

"Don me ba ka faɗa ba? Kalma ɗaya, Ɗanliti! Kalma ɗaya da yanzu ana ɗinkin kayana!"

"Da yanzu kuma yayanki na kwana a tasha. Kin san rantsuwar Baba. Kina so mu shiga ɗakin aure ta ƙofar da aka kori ɗan'uwanki?"

"To ni fa? Ni ba abin tausayi ba ce?"

"Malesh, ki yi haƙuri, Ummu. Zan tafi Mafaza aikin mashru'i, in sake tarawa. Ki ba ni shekara ɗaya. In kin faɗa, ba zan riƙe ki da komai ba, amma ina roƙonki."

Ta yi kuka har gaban mayafinta ya jiƙe. Tana son shi, tana jin haushinsa, kuma ba ta taɓa ganin girmansa kamar ranar ba. Ta koma gida ta ajiye yagaggen buhun a kan filon Kassim. Daga ranar Kassim bai sake iya haɗa ido da ita ba.

Rani ya wuce, damina ta zo da ƙarfinta. Ruwa ya cika korama, laka ta kama hanya, ba mai iya zuwa gonar nesa. Tarakta kuma, kowa ya sani, sai ta gama da manyan mashru'ai take tuna talaka. Kwana arba'in da wani abu Malam Lawali yana huci yana cewa bana gonarsa ta zama ta ciyawa. Da hanya ta ɗan sha iska, Jatau ya zo da tarakta ɗaure da diskin huɗa. Malam Lawali da Kassim suka hau, Ummusalama ta bi su da ƙwaryar abincin ma'aikata.

Suna isa bakin gonar Jatau ya kashe inji ba tare da kowa ya ce masa ba.

Ciyawa na nan, gaskiya ne. Amma ta tsakiyarta, daga kusurwar gabas har zuwa inda gonar ta haɗu da babbar hanya, wani kore ne daban ya miƙe, mai faɗi, ya kai ƙugun mutum, kansa duk farin fure. Iskar safe na kaɗa shi, ƙudan zuma na ta kuka a ciki. Ba layin diski ba ne, domin yana lanƙwasa yana dawowa, ya yi faɗi inda ruwa ya kwanta ya baza shi. Da shiru ya sauka, sai ka ce duk filin Basunda ya riƙe numfashi.

"Subhanallahi," in ji Malam Lawali a hankali, karo na farko da maƙwabta ba za su ji shi ba. "Wa ya shuka mini riɗi?"

"Ba wanda ya shuka, Malam," in ji Jatau. "Sawuna ne. Ga inda na kauce wa kututture, ga inda na yi kwana. Nan na bi da kayan Ɗanliti."

Ummusalama ta sauke ƙwaryar ta ajiye a ƙasa. Tsagar da ta haɗiye riɗin ita ta ɓoye shi daga tsuntsu da rana wata tara, ruwa na sauka ta mayar da shi. Tsigar jikinta ta tashi, hawaye na zuba, bakinta na ta tasbihi.

Malam Lawali ya tuɓe takalmansa ya shiga cikin furen, yana shafa shi da tafin hannu. Ya yi nisa kaɗan sai ya sunkuya, ya zaro wani tsumma daga laka. Rana da ruwa sun ci shi, amma koren zanen na nan. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Na taɓa ganin irin wannan a bayan keke, a gidana," ya ce, ya ɗago ya dubi ɗansa.

Kassim ya zube a kan gwiwa cikin laka.

"Ni ne, Baba! Na san sun sha rana, shi ya sa aka ba ni da araha. Shi ma ya gani, ya ji kunyata ya karɓa. Wata tara ina jira ya tona ni, bai tona ba."

Malam Lawali ya ɗaga hannu zai mare shi. Ummusalama ta sha gabansa.

"Baba, ku yi haƙuri! Wanda aka cuta ya bar aurensa don kada ku kore shi. In kun kore shi yau, haƙurin Ɗanliti ya zube a banza ke nan."

Hannun ya daɗe a sama kafin ya sauko. Tsohon ya dubi farin furen, ya dubi 'yarsa, idonsa ya ciko.

"Na yi rantsuwa, zan yi kaffara," ya ce. "Jatau, ɗaga diskinka, kada ya taɓa ko ganye ɗaya. Wannan riɗin ba nawa ba ne. Kai kuma Kassim, tashi ka tafi Mafaza da ƙafarka, ka nemi gafarar Ɗanliti, ka taho mini da shi."

Riɗin da aka yanka a wannan kakar bai kai wanda ya zube ba, amma da aka haɗa shi da ladan Mafaza ya isa shela har da turaren da Kassim ya taɓa zance. Mutane sun zo kallo daga ƙauyuka uku. Ranar zuba shi a buhu, Kassim ne ya kawo na algarara daga Gadarif. Malam Lawali ya zaro ɗaya ya miƙa wa Ɗanliti a gaban kowa.

"Taɓa, ka gaya mini."

Ɗanliti ya ja bakin buhun, ya duba gindinsa, gumi ya keto masa. Ummusalama na leƙe daga bayan Goggo.

"Baba... wannan ɗinkinsa bai yi ba. A canja shi."

Malam Lawali ya ƙyalƙyale da dariya, domin da gangan ya warware zaren tun da safe.

"Madalla! Haƙurinka Allah ya biya ka a idon jama'a, ba ni da abin ƙarawa. Amma ka riƙe wannan: kunyar da za ta hana ka faɗin gaskiya ba ladabi ba ce, asara ce, gare ka da wanda ka ji wa kunyar. Ranar Juma'a za a ɗaura."

Goggo ta saki guɗa. Kassim ya karɓi buhun, ya zauna a ƙasa da allura da zare, ya fara ɗinke shi.