Kafin Ungozoma Batul Ta Iso

"Wallahi Yumma, ba za a sake ɗinke ni ba."

Abin da Tahani ta faɗa wa uwarta ke nan, kwana shida da haihuwa, tana kwance kan gadon igiya a gidansu da ke garin Madani. Hajja Sittana ko ɗagowa ba ta yi ba daga gahawar da take dakawa. Cewa ta yi ungozoma Batul na nan tafe bayan Azahar, kuma ba kanta farau ba. Duk macen da haihuwa ta buɗe, mayar da ita ake yi yadda kaciyar yarinta ta rufe ta, ta koma wa mijinta amarya. Likitocin da suka ƙi yi a asibiti su suka sani, ba su za su riƙe mata auren ba.

"Kuma ba ni na nema ba, mijinki ne. Ga kayansa can."

Kayan kuwa na nan kan akwati tun jiya: laffaya sabuwa fil, kwalaben turare, da awarwaro biyu na zinariya. Babu macen unguwar da ba ta san ma'anar irin wannan kyauta a makon haihuwa ba. Namiji ba ya faɗa da baki, kaya yake aikowa.

Nan ne ya fi yi wa Tahani ciwo. Mijin nata Babikir, da ya ga yadda watan amarcinsu ya kasance? Shi da ya riƙa wanke zanen gado da hannunsa don kada kowa ya ga jinin? Shekara biyu suna tare, ta ɗauka ko ba su taɓa maganar ba ya fahimta. Ashe ita kaɗai take kiɗanta take rawarta.

Ga wani abu da ba ta gaya wa kowa ba. Tun tana shekara bakwai fitsari aiki ne a wurinta, ɗigo-ɗigo, sai ƙafafunta sun yi sanyi a tsugune. Shekaranjiya ta shiga banɗaki, kafin ta gyara zama har ta gama. Tsayawa ta yi riƙe da buta tana kuka. Ashe haka sauran bayin Allah suke rayuwa... Shi ne yau za a zo da allura a ƙwace.

Da hantsi Babikir ya shigo kan maganar ragon suna. Ya gaida surukarsa kai a ƙasa, ya leƙo ɗaki, ya ɗauki jaririn yana tsokanarta wai hancin nasa ne, ita wahalar banza ta sha. Ba ta yi dariya ba.

"Hasken idona, lafiya?"

Kunya ta kama ta. Amma inuwar darbejiyar tsakar gida sai janyewa take, Azahar na matsowa. Ta juya fuskarta bango.

"Baban yaro... da gaske kai ka ce a mayar da ni?"

Ya kwantar da jaririn gefenta. Sannan ya ce yayarsa ce ta kai shi kasuwa ta zaɓi kayan. Ta ce masa Tahani ce ke so, wai mace ba ta iya haɗa ido da mijinta in ba a gyara ta ba, kuma in bai aika ba za a ce ya raina ta.

"Ni aka ce ke ce. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba, Tahani. Kin san lokacin amarcinmu da nake cewa zan je masallaci da wuri? Bayan gida nake zagayawa in zauna in yi kuka. Ina sonki kamar raina, amma duk sanda na matso ki sai in ji kamar mahauci ne ni."

Sai a lokacin ta juyo. Wannan ƙaton da ke sauke buhun dawa shi kaɗai, hawaye ne shaɓe-shaɓe a gemunsa. Ta kama hannunsa ta ce ba ta so, ba ta taɓa so ba. Ya ce shi ma haka. Shekara biyu, maganar da ba ta fi numfashi ɗaya ba!

Ana idar da salla aka yi sallama. Batul ce da jakarta, tana zolaya tun daga ƙofa wai ango ya ba su wuri, in an yi arba'in zai zo yana yi mata godiya.

A garin nan suruki ba ya irin wannan magana da uwar matarsa, ko cin abinci ba ya yi a gabanta. Babikir ya fito, ya durƙusa nesa da tabarmar Hajja Sittana, gumi na bin wuyansa.

"Hajja, ki gafarce ni, yau zan yi rashin kunya. An ce don ni za a yi. To ni ban nema ba, kuma ban yarda ba."

Batul ta tafa hannu ta ce yau ta ga abin da ya fi ƙarfinta, maza sun shiga zancen mata. Hajja Sittana ta ce kunya ce ta sa shi faɗa, duk haka suke cewa.

Tahani ce ta amsa, daga bakin ƙofa, dafe da bango.

"Ba kunya ba ce, Yumma. Na tambaye shi da bakina."

"Kin... tambaye shi?"

Hajja Sittana ta kafe ta da ido. Sannan ta ce wa Batul ta sha gahawa ta tafi, Allah ya ba da lada. Da suka rage su biyu, Tahani ta lallaɓo ta zauna gefenta, tana jiran faɗa. Sai ta ga uwarta ta ajiye kofin gahawa a kan faranti, ko kurɓa ba ta yi ba.

"Haihuwa tara na yi," in ji Hajja Sittana a hankali. "Sau tara aka ɗinke ni. Duk cewa aka yi don ubanki ne."

"Shi ya ce yana so?"

Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba.

"Har Allah ya karɓi ransa, 'yata, ban taɓa tambayarsa ba."