Sarewar Tsoho Makaho

A wani gari an yi wata yarinya, Tabawa, mai zana kaya a kwamfuta, inji ya ƙera. Ran nan wani tsoho makaho ya roƙe ta sarewa.

Ta zana kyakkyawa, amma cikinta a toshe.

Yayanta ya ce, "Ki ba inji haka nan. Wa zai ga ciki?"

Tabawa ta ƙi. Ta zana siririyar sanda, ta cusa ta tsakiyar sarewar har ta ɓace, ta sa kwamfuta ta cire ta, rami ya samu. Waje bai canja ba.

Yayan ya ce, "Wahalar banza. Wa zai ga ciki?"

Da aka ƙera, tsoho ya busa, sarewa ta amsa zaƙwai.

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, jikata. Ni da ba na ganin waje, cikin nan shi ne nawa."